BABI NA SHIDA: HAƘƘIN MAI SAYE DA KARIYA DAGA HA'INCIN KASUWA

6.0 Gabatarwa

Kasuwa wuri ne da kowane Bahaushe yake hulɗa da shi, ko yana so ko ba ya so, shi ya sa ake cewa, kasuwa a kai miki dole. Manomin da ya ɗauko buhunan masara daga Doguwa ya kai kasuwa da hantsi, mai sayarwa ne. Amma kafin la'asar, da zarar ya karɓi kuɗinsa, shi ne zai juya ya sayi takin zamani da maganin feshi da gishiri da atamfar iyalinsa da maganin zazzaɓin ɗansa. Ke nan mutum ɗaya yakan tsaya a ɓangarori biyu na ciniki a yini guda. Wannan ne ya sa batun haƙƙin mai saye ya shafi kowa, domin wanda ya tauye mudu da safe, shi ma yana iya faɗawa hannun mai sayar da jabun magani da yamma.

A wannan babi za a dubi ma'anar haƙƙin mai saye, da yadda al'adar Bahaushe da addinin Musulunci suka kare shi tun kafin zuwan Turawa, da kuma tanadin da dokokin Nijeriya suka yi masa a yau. Za a kawo misalai daga ƙananan hukumomin Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa na kudancin Jihar Kano. Daga ƙarshe za a nuna rawar da malamin Hausa zai taka wajen isar da wannan ilimi ga ɗalibansa.

6.1 Manufofin Babi

A ƙarshen wannan babi ana sa ran ɗalibi zai iya:

i. Bayyana ma'anar mai saye da haƙƙi da ha'inci.
ii. Kawo hanyoyin da Hausawa suka bi wajen kare mai saye a da.
iii. Jero haƙƙoƙin mai saye guda takwas tare da misalai.
iv. Ambaton hukumomin da ke kare mai saye da aikin kowace.
v. Tsara darasin Hausa a kan wannan batu.

6.2 Ma'anar Muhimman Kalmomi

Mai saye shi ne duk mutumin da ya ba da kuɗi ko wani abu mai daraja domin ya sami kaya ko wata hidima da zai yi amfani da ita. Kaya sun haɗa da hatsi da sutura da magani da kayan aikin gona. Hidima kuwa ita ce aikin da ake yi wa mutum ya biya, kamar niƙa da ɗinki da shiga mota da wutar lantarki da kiran waya. Haka kuma wanda bai biya da hannunsa ba amma shi ne ya yi amfani da kayan, kamar jaririn da aka sayo wa magani, shi ma yana cikin waɗanda ake karewa.

Haƙƙi shi ne abin da ya zama wajibi a ba mutum, ba don alfarma ba. A nan ya kamata ɗalibi ya lura da bambancin haƙƙi da gyara. Gyara kyauta ce da mai awo yake ƙarawa don jin daɗin abokin ciniki, in ya ga dama ya hana. Cikar mudu kuwa haƙƙi ne, hana shi zalunci ne.

Ha'inci shi ne duk wata dabara da ɗaya daga cikin masu ciniki zai yi don ya ci dukiyar ɗan'uwansa ta hanyar ɓoye masa gaskiya. Algus wani reshe ne na ha'inci, wato cakuɗa kaya mai kyau da marar kyau, kamar zuba ruwa a nono ko yashi a gero. Jabu kuwa shi ne kayan da aka ƙera ko aka haɗa domin su yi kama da na ainihi alhali ba su ba ne.

6.3 Yanayin Yankin da Ake Nazari

Waɗannan ƙananan hukumomi huɗu yanki ne na noma da fatauci. A ƙasar Bebeji ne madatsar ruwa ta Tiga take, wadda aka kammala a shekarar 1974, zamanin mulkin Gwamna Audu Baƙo, kuma ita ce ta bunƙasa noman rani a kudancin Kano. Kwanar Ɗangora ta ƙasar Ƙiru matattara ce ta matafiya da 'yan kasuwa a kan babbar hanyar Kano zuwa Zariya. Tudun Wada ta shahara da hada-hadar shinkafa, tun daga shanshera har zuwa gyararriya. Doguwa, wadda hedikwatarta take a Riruwai, ƙasa ce mai duwatsu da yawan ruwan sama, an san ta da noman masara da kuma haƙar kuza, ga kuma dajin Falgore a wannan shiyya.

Akwai abubuwa uku da suke sa mai saye a irin wannan yanki ya fi na birni fuskantar haɗari. Na farko, yawancin ciniki da baki ake yin sa, babu rasiɗi. Na biyu, bayanan da ke jikin kwalba da buhu da kwali kusan duk da Ingilishi ake rubuta su. Na uku, ofisoshin wasu hukumomin da ke karɓar koke suna birnin Kano, zuwa can kuwa yakan ci kuɗin motar da ya fi abin da aka cuci mutum. Saboda haka sau da yawa wanda aka cuta yakan ce ya bar wa Allah, mai cutar kuwa ya ci gaba da sana'arsa.

6.4 Kare Mai Saye a Tarihi da Al'adar Hausawa

Kuskure ne a ɗauka cewa kare mai saye baƙon abu ne da ya zo da boko. Tun zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, aka kafa Kasuwar Kurmi, kuma kasuwannin ƙasar Hausa sun daɗe da tsarin shugabanci. Akwai Sarkin Kasuwa mai raba rumfuna da sasanta rigima, akwai Sarkin Pawa mai kula da mahauta da lafiyar nama, akwai kuma shugabannin dillalai da na ma'auna.

Baturen nan ɗan yawon bincike, Hugh Clapperton, ya iso Kano a shekarar 1824, ya kuma rubuta abin da ya gani a kasuwarta. Ya bayyana cewa ana rubuta sunan dillali a cikin kowane ƙunshin riga ko turkuɗi. Idan aka kai ƙunshin har Barno ko wata ƙasa mai nisa, aka buɗe aka tarar kayan ba su kai yadda aka faɗa ba, sai a komo da su Kano. Dole ne dillalin ya nemo mai kayan, shi kuma dokar gari ta tilasta masa mayar da kuɗi. Wannan shi ne abin da a yau ake kira garanti, kuma Kanawa suna aiki da shi shekaru ɗari biyu da suka wuce. Sai dai marubucin bai ɓoye ɗaya gefen ba, domin ya ambaci wasu mahauta masu hura nama don ya kumbura, da masu liƙa gashin tunkiya a cinyar akuya don a ɗauka naman rago ne. A tafiyarsa ta biyu, a shekarar 1826, ya ratsa ta Bebeji a kan hanyarsa daga Zariya zuwa Kano, inda ya tarar da garin babba ne mai cike da fatake.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, ha'inci tsohon abu ne, maganinsa ma tsoho ne. Abin da ya sa tsarin Kano ya yi aiki shi ne kowane kaya yana da wanda za a kama idan ya ɓaci. Dillali yana cin la'ada, amma sunansa da mutuncinsa su ne jingina.

Harshen Hausa ma ya taskace wannan tunani. Ana cewa, sayen nagari mayar da kuɗi gida, wato inganci ya fi araha. Ana cewa, araha ba ta ado. Ana hana cinikin biri a sama, wato sayen abin da ba a gani ba, ba a kuma mallaka ba. Sannan ana cewa, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, wato wanda aka nuna wa aibin kaya ya saya da saninsa, ba shi da bakin kuka. Wannan karin magana na ƙarshe yana nuna cewa sharaɗin ciniki shi ne sani.

6.5 Matsayin Addinin Musulunci

Musulunci ya ɗauki ciniki a matsayin amana. Sura ta 83 a cikin Alƙur'ani mai girma, wato Suratul Muɗaffifina, ta buɗe ne da gargaɗi mai tsanani ga masu cika mudu idan za su karɓa, su tauye idan za su bayar. Haka kuma ƙissar Annabi Shu'aibu, Alaihis Salam, da mutanen Madyana ta nuna yadda tauye awo ya kasance cikin laifuffukan da suka jawo halakar al'umma guda. Ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallama, ya sa hannu cikin tarin abincin wani mai sayarwa ya ji danshi a ƙasa, ya yi masa faɗa a kan rashin ɗora jiƙaƙƙen a sama inda mutane za su gani, ya kuma barranta daga mai yin algus.

Littafin Risala na Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ake karantawa a makarantun zaure na ƙasar Hausa, yana da babi guda a kan ciniki. A ciki an hana yaudara da ɓoye aibi da cakuɗa mai kyau da marar kyau. Malaman fiƙihu sun yi bayanin nau'o'in cinikin da aka hana, kamar haka:

a. Najashi: mutum ya riƙa ƙara tayi ba da niyyar saye ba, don kawai ya ruɗi wani ya saya da tsada.
b. Garari: cinikin abin da ba a san yawansa ko samuwarsa ba, kamar kifi a ruwa.
c. Ihtikari: saye abinci a ɓoye shi lokacin da jama'a suke cikin buƙata, don farashi ya hau.
d. Tasriya: ƙin tatsar dabba na kwanaki don hantsarta ta cika, mai saye ya zaci mai yawan nono ce.
e. Tarbar fatake a hanya a saye kayansu kafin su san farashin kasuwa.

Bugu da ƙari, shari'a ta ba mai saye zaɓin mayar da kaya idan ya gano tsohon aibin da aka ɓoye masa. A Daular Usmaniyya ta Sakkwato kuwa akwai muƙamin muhtasibi, wanda duba mudu da sikeli da hana algus suke cikin ayyukansa.

6.6 Haƙƙoƙin Mai Saye a Duniyar Yau

Tsohuwar dokar ciniki ta Ingila, wadda Nijeriya ta gada, ta fi ɗora wa mai saye nauyin buɗe idonsa. Wannan ra'ayi ya yi rauni bayan da masana'antu suka yawaita, domin babu yadda mutum zai gane abin da ke cikin gwangwani ko ƙwayar magani da ido. A ranar 15 ga Maris, 1962, Shugaban Amurka John F. Kennedy ya gabatar wa majalisar ƙasarsa haƙƙoƙi huɗu na mai saye. Wannan ne ya sa tun daga 1983 ake bikin Ranar Haƙƙin Masu Saye ta Duniya a kowace 15 ga Maris. A shekarar 1985 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ƙa'idojin kare masu saye, aka faɗaɗa su a 1999, aka sake bitarsu a 2015. Haƙƙoƙin da aka fi sani a yau guda takwas ne:

1. Haƙƙin samun abubuwan buƙata na dole, kamar abinci da ruwa da magani.
2. Haƙƙin kariya daga kayan da za su cutar da lafiya ko rai.
3. Haƙƙin samun bayani na gaskiya game da kaya da farashinsu.
4. Haƙƙin zaɓi, ba tare da tilastawa ba.
5. Haƙƙin a saurare shi idan ana tsara dokar da ta shafe shi.
6. Haƙƙin diyya, wato gyara ko musanya ko mayar da kuɗi.
7. Haƙƙin ilmantarwa, domin ya san yadda zai kare kansa.
8. Haƙƙin zama a muhalli mai tsafta.

Idan aka lura za a ga cewa na uku da na shida su ne ainihin abin da dokar dillalan Kano ta tanada.

6.7 Dokoki da Hukumomi a Nijeriya

A shekarar 1992 gwamnatin soja ta kafa Majalisar Kare Masu Saye da doka mai lamba 66. Wannan majalisa ta yi aiki har zuwa lokacin da aka yi Dokar Gasar Kasuwanci da Kare Masu Saye ta Tarayya ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019. Sabuwar dokar ta soke tsohuwar, ta kafa hukumar da aka fi sani da FCCPC, tare da kotu ta musamman mai sauraron ƙararrakin da suka taso daga gare ta. Daga cikin abubuwan da dokar ta tanada akwai:

i. A yi wa mai saye bayani cikin harshe mai sauƙin fahimta.
ii. A bayyana farashi, kada kuma a karɓi fiye da abin da aka bayyana.
iii. A faɗa masa idan kayan na hannu ne ko gyararru ne.
iv. A ba shi shaidar ciniki a rubuce inda hakan zai yiwu.
v. A bar shi ya duba kaya kafin ya saya.
vi. Kada a yi masa tallar ƙarya ko a yi amfani da rashin karatunsa a cuce shi.
vii. Yana da ikon mayar da kayan da aka tarar da aibi a cikinsu cikin wata uku, a gyara ko a musanya ko a mayar masa da kuɗinsa.

Ke nan rubutun nan da ake gani a wasu rasiɗai, cewa kayan da aka saya ba a mayarwa, ba ya soke haƙƙin wanda aka sayar wa kaya mai aibi.

Akwai kuma wasu hukumomi masu ayyuka na musamman. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ce mai kula da ingancin abinci da magunguna da kayan shafe-shafe da sinadarai. Ta yi fice wajen yaƙi da jabun magunguna a zamanin Farfesa Dora Akunyili, wadda ta shugabance ta daga 2001 zuwa 2008. Hukumar SON, wadda aka kafa a 1971, tana tsara mizanin ingancin kayan masana'antu, kamar siminti da tayoyi da wayar lantarki. Sashen Awo da Ma'auni na Ma'aikatar Ciniki ta Tarayya shi ne mai duba sikeli da famfunan gidajen mai. A shekarar 2019 kuma an yi dokar kula da ingancin takin zamani da wata sabuwar doka ta hukumar kula da irin shuka, waɗanda suka shafi manoman wannan yanki kai tsaye. A matakin jiha akwai Hukumar Kare Haƙƙin Masu Saye ta Jihar Kano, da Hukumar Karɓar Koke-koke da Yaƙi da Cin Hanci, da Hukumar Hisba wadda aka kafa da doka a 2003.

6.8 Nau'o'in Ha'inci da Illolinsu

Ya kamata a faɗa tun da farko cewa mafi yawan 'yan kasuwa masu gaskiya ne, kuma abubuwan da za a ambata ba su keɓanta da wata kasuwa ɗaya ba.

6.8.1 Tauye awo. Ana yin sa ta hanyar buga gindin mudu ya lotsa ciki, ko datse bakinsa, ko ajiye mudu biyu, babba na saye, ƙarami na sayarwa, ko taɓa sikeli. Mu ɗauka, alal misali, an rage kashi ɗaya cikin goma na mudu. Magidancin da yake awon mudu biyu kullum yana biyan kuɗin mudu 730 a shekara, amma abin da ya shiga tukunyarsa 657 ne. An cinye masa mudu 73 ke nan, wato abincin fiye da wata guda, ba tare da ya ankara ba.

6.8.2 Algus a hatsi. Wannan ya haɗa da zuba tsakuwa ko ƙaiƙayi a tsakiyar buhu, da ɗora masu kyau a saman kwando, da sayar da hatsin da bai bushe ba don ya yi nauyi, da ɗura shinkafa a buhun wani kamfani da ba shi ya gyara ta ba. Illar wannan ba ta tsaya kan mai saye ba. Idan fatake daga nesa suka gane ana yi musu haka a wata kasuwa, sai su karya farashin kayan garin gaba ɗaya, mai gaskiya ya biya bashin da bai ci ba.

6.8.3 Jabun kayan gona. Buhun takin zamani kilo 50 ne, kuma lambobin da ke jikinsa, kamar 15:15:15 ko 20:10:10, suna nuna yawan sinadarai uku da shuka take buƙata. Idan aka cakuɗa shi da yashi ko ƙasa, ko aka rage nauyinsa, manomi ba zai gane ba sai masara ta yi rawaya, lokacin kuwa damina ta riga ta yi nisa. Haka abin yake ga hatsin da aka rina aka sayar a matsayin ingantaccen iri, da maganin ciyawa da aka tsinka da ruwa. Asarar nan ta shekara guda ce cur.

6.8.4 Guba a abinci. Wasu suna zuba maganin ƙwari mai ƙarfi a wake don kada ya yi ƙwari, ko su nuna ayaba da mangwaro da sinadarin masu walda. A shekarar 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwarin da aka samu a cikinsa. Alhali akwai buhu mai ninki uku wanda yake kashe ƙwari ta hanyar hana su iska, ba tare da magani ba. A shekarar 2021 kuma ɗaruruwan mutane sun kwanta asibiti a Kano, wasu suka rasu, bayan sun sha lemon da aka haɗa da gurɓataccen gari da wani sinadarin da aka sayar da sunan ɗan tsami.

6.8.5 Jabu da lalataccen magani. A ƙarshen shekarar 2008 wani maganin haƙoran jarirai mai suna My Pikin, wanda aka haɗa da sinadari mai lalata ƙoda, ya yi sanadin mutuwar yara aƙalla 84 a Nijeriya, ciki har da waɗanda aka kwantar a Zariya. A 2013 Babbar Kotun Tarayya da ke Legas ta yanke wa ma'aikatan kamfanin biyu hukuncin ɗauri. Wannan ya nuna cewa doka tana iya kama mai laifi, amma ba ta dawo da rai.

6.8.6 Ɓoye kaya. A watan Fabrairu na 2024, lokacin da abinci ya yi tsada ƙwarai, Hukumar Karɓar Koke-koke ta Jihar Kano ta rufe wasu rumbunan ajiya a yankin Dawanau bisa zargin ɓoye kayan abinci. 'Yan kasuwar sun musanta zargin. Wannan misali yana koya wa ɗalibi cewa akwai bambanci tsakanin ajiyar hatsi daga kaka zuwa bazara, wadda sana'a ce da aka sani, da kuma riƙe abinci da gangan don a ƙuntata wa jama'a.

6.9 Matakan Kare Kai da Neman Haƙƙi

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Kafin saye, mutum ya duba lambar rajistar NAFDAC da ranar da aka yi kaya da ranar da za su lalace. A wasu magunguna akwai wurin da ake kankarewa a aika da lambar ta saƙon waya don a tabbatar da ingancinsu, tsarin da aka fara a 2010. Ya sayi taki da iri wurin dilan da aka san mazauninsa. Ya sa a soki buhu a tsakiya, ko a zazzage shi a gabansa. Ya nemi rasiɗi, in babu, ya yi ciniki a gaban shaidu.

Idan kuwa an riga an cuce shi, sai ya bi waɗannan matakai:

1. Ya adana kayan da kwalinsu ko buhunsu, ya ɗauki hotonsu in yana da hali.
2. Ya koma wurin mai kayan cikin lumana, ya faɗi abin da yake nema.
3. In ba a daidaita ba, ya kai wa Sarkin Kasuwa ko shugaban ƙungiyar masu sana'ar, ko mai unguwa ko dagaci.
4. In abin ya faskara, ya rubuta koke ga hukumar da abin ya shafa.
5. Mataki na ƙarshe shi ne kotu.

Idan abin ya shafi lafiya, kamar guba a abinci, ba a jiran sulhu. A garzaya asibiti, a kuma sanar da hukuma nan take domin a tsare sauran jama'a. Haka nan, tun da hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, manoma goma da aka sayar wa jabun taki ɗaya sun fi samun biyan buƙata idan suka kai kuka tare.

Mai saye shi ma akwai nauyi a kansa. Kada ya ƙaƙaba wa kaya aibin da shi ya jawo, kada ya ƙi biyan bashi, kada kuma ya ɓata sunan ɗan kasuwa ba tare da hujja ba.

6.10 Rawar Malamin Hausa

Ɗalibi yana iya tambaya, mene ne haɗin wannan batu da darasin Hausa? Amsar ita ce, haƙƙin da mutum bai san sunansa da harshensa ba, da wuya ya neme shi. Doka ta ce a yi wa mai saye bayani cikin harshen da zai fahimta, amma dokar kanta da Ingilishi take. Malamin Hausa ne yake tsaye a tsakani. Yaron da ya koya wa karanta ranar lalacewar magani, shi ne zai koma gida ya duba wa mahaifiyarsa. Ga wasu hanyoyin shigar da batun cikin darussa:

a. Ginin kalmomi: a tattara kalmomin kasuwa kamar tayi, albarka, sallamawa, la'ada, gyara, tiya, 'yan baranda, a bayyana ma'anarsu da asalinsu.
b. Adabin baka: a nazarci karin maganganun ciniki da kirarin 'yan talla.
c. Insha'i: a koyar da rubuta wasiƙar koke, mai ɗauke da rana da wuri da irin kaya da abin da ake nema.
d. Fassara: a kawo kwalaye da buhuna aji, a mayar da bayanansu zuwa Hausa.
e. Wasan kwaikwayo: ɗalibai su fito a matsayin ma'auni da mai saye da Sarkin Kasuwa.

Malami ya kiyaye abu ɗaya. Da yawa daga cikin ɗalibansa 'ya'yan ma'auna ne da dillalai da masu kanti. Kada ya gabatar da darasin ta yadda zai zama zagin iyayensu. Ya nuna musu cewa amana ita ce babban jarin ɗan kasuwa.

6.11 Kammalawa

A wannan babi an ga cewa kare mai saye yana da tushe uku a ƙasar Hausa, wato al'ada da addini da dokar ƙasa, kuma dukkansu sun haɗu a kan abubuwa biyu: a faɗa wa mai saye gaskiya, a kuma mayar masa da haƙƙinsa idan an cuce shi. An kawo nau'o'in ha'inci da matakan magance su. Dokoki suna nan, hukumomi suna nan, abin da ya yi ƙaranci a ƙauyuka shi ne sani. Isar da wannan sani yana cikin aikin da ke jiran ɗalibi idan ya fita koyarwa, domin in kunne ya ji, jiki ya tsira.

Tambayoyin Bita

1. Bambanta tsakanin ha'inci da algus da jabu, tare da misali ɗaya ga kowanne.
2. Yi bayanin yadda dokar dillalan Kano ta kare mai saye a ƙarni na 19.
3. Kawo nau'o'in ciniki huɗu da Musulunci ya hana, ka danganta su da abin da ke faruwa a kasuwar garinku.
4. Jero haƙƙoƙin mai saye guda takwas, ka yi sharhi a kan uku.
5. Mene ne bambancin aikin NAFDAC da na SON?

Jinga

Ziyarci kasuwar da ta fi kusa da kai, ka tattauna da Sarkin Kasuwa ko shugaban ma'auna a kan yadda suke sasanta rigimar awo. Rubuta rahoto mai shafi biyu, sannan ka tsara darasin minti arba'in ga 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare bisa abin da ka samo.